Zauren Tambaya da Amsa: "Malam, ya zan hana linki dannuwa a cikin manhajata?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni biyar na ware, kuma kusan duk akan abu ɗaya suke kewayawa, wato shafin intanet da ake buɗewa a cikin manhajar waya ta hanyar abun da ake kira WebView. Na bar wa kowa maganarsa yadda ya turo, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA TA FARKO, daga wani matashi a Pantami, Gombe

Salam Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah inada matsala, na haɗa manhajar gwajin jarabawar JAMB ne wa ƙannenmu na unguwa a Android Studio, darussan na sakasu a WebView saboda akwai tebur da hotuna, toh matsalar wasu darussan akwai linki a ciki masu shuɗi ɗinnan, yaro yana taɓawa sai ya fita zuwa Chrome shikenan ya tafi kallon ƙwallo bazai dawo ba. Nasa setClickable na bashi false bai yi ba, wani yace nasa setOnTouchListener ya dinga mayar da true, nayi, linkin ya daina amma yanzu shafin baya janyuwa sama da ƙasa kwata-kwata. Ya zanyi Malam? Kwana uku ina kai.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah yayi wa wannan aiki albarka. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaran da ranar jarabawa ce ranar farko da zasu amsa tambaya a gaban sikirin, dan haka abun da kake yi ba ƙaramin abu bane, kar kwana ukun nan su karya maka gwiwa.

Bari mu fara da dalilin da yasa dabarunka biyu basu yi ba. WebView ba maɓalli bane, burauza ce sukutum aka ɗauko aka zaunar a cikin manhajarka, tun Android 4.4 a 2013 injin Chromium ne a cikinta, irin wanda Chrome ke tafiya a kai. Shi setClickable da kwalin waje yake magana, ita kuma burauzar dake ciki tana karɓar taɓawar yatsa da kanta, bata ma san kayi wannan maganar ba. Shi kuwa setOnTouchListener da ka sa ya mayar da true, ai ce wa waya kayi duk yatsan da ya sauka a nan na cinye shi, kuma jan shafi shima yatsa ne. Shi yasa komai ya sandare. Cire shi yau ɗinnan.

Inda ake tare linki shine bakin zaure. Ka ɗauka WebView gida ne, duk lokacin da aka danna linki kamar wani ne ya miƙe zai fita, idan ba kowa a zaure sai Android ta kama hannunsa ta kai shi burauzar waya, wannan shine abun da kake gani, haka aka tsara ta idan baka saka mata WebViewClient ba. WebViewClient ɗin shine dattijon zaure. Zaka ƙirƙire shi, ka sake rubuta aikin nan mai dogon suna shouldOverrideUrlLoading, ka haɗa shi da WebView ɗinka ta setWebViewClient. Daga nan duk linkin da aka danna sai an tambaye shi tukunna.

A nan mutane da yawa ke juya abun, ka nutsu. Tambayar da WebView take yi ba "in buɗe?" bace, tambayar itace "zaka karɓi ragamar ne?" Idan ka mayar da true kace na karɓa, ke tsaya, sai ta tsaya cak bata loda komai ba. Idan ka mayar da false kace babu ruwana, cigaba, sai ta buɗe shafin a cikinta. Kenan kai da kake son linki ya mutu, true zaka mayar, layi ɗaya ne. Shafin farko da kai ka buɗe da loadUrl bai shiga wannan tambayar ba, zai buɗe lafiya lau, kuma jan shafi da zumin duk suna nan.

Abu ɗaya ka duba, aikin nan kala biyu ne. Akwai tsohon mai karɓar adireshi a matsayin String, akwai sabon mai karɓar WebResourceRequest wanda yazo da Android 7.0 a 2016. Idan manhajarka tana sauka a wayoyin da basu kai 7.0 ba to ka rubuta duka biyun, in ba haka ba a wayarka zai yi, a tsohuwar wayar da wani yaro ya aro wajen babarsa linki zai cigaba da buɗewa kai baka sani ba. Kuma ana iya samun irin waɗannan wayoyin a hannun yaran da kake wa aikin.

Toh amma ni ban gamsu a tsaya a nan ba, kuma ga dalili. Akwai wata makaranta a nan cikin gari da na taɓa yi wa irin wannan aikin, na kashe linki na tafi ina murna. Ranar da naje duba yadda ɗalibai ke amfani da ita, na tsaya bayan wata yarinya, wayar hannunta gilashin ya tsage ta gefe an liƙa salatif, tana karanta darasin Bayoloji sai ta iso wata kalma mai shuɗi da layi a ƙasa. Ta danna, shiru. Ta goge yatsan da hijabinta ta sake dannawa, shiru. Ta kashe data ta kunna, ta duba balas, a ƙarshe ta juyo tace Malam wayata ce ta lalace ko? Har raina naji abun, dan yarinyar bata yi kuskure ba, shuɗi da layi a ƙasa alkawari ne aka yi mata cewa akwai wani abu a bayansa. Tun ranar, idan na kashe linki sai na cire masa kayan linki ma.

Tunda darussan naka ne, hanya mafi tsafta itace ka cire linkin tun kafin ya isa WebView. Akwai laburare na Java mai suna Jsoup, ka bashi rubutun HTML ɗin, ka zaɓo duk alamar a da select, ka kira unwrap, zai zare linkin ya bar kalmar a wurinta kamar sauran rubutu. Idan baka son ƙara laburare, ka saka CSS, wato dokokin da ke tsara kamannin shafi, a saman shafin kafin ka loda shi da loadDataWithBaseURL, wa alamar a ka bata pointer-events: none, da color: inherit, da text-decoration: none. Na farko ya hana yatsa kamawa, na biyu ya cire shuɗin, na uku ya cire layin. Sai dai ka lura, idan kana da jerin babi a sama wanda ake dannawa a sauka ƙasa cikin shafi ɗaya, suma linki ne, zasu mutu tare, dan haka ka taƙaita dokar ga waɗanda href ɗinsu ya fara da http kawai.

Zaka ga wasu suna cewa a cusa CSS ɗin da evaluateJavascript a cikin onPageFinished. Yana yi, amma ka tuna sai shafi ya gama lodi ake kiransa. Kai da ka san yadda sabis yake idan an bar gari an nufi Dukku ko ƙauyukan bayan Kumo, rubutu zai fito hotuna na nan suna ja, duk tsawon wannan lokacin linki a raye yake. Ga kuma sai ka kunna JavaScript kafin yayi, alhali a kashe take zuwa a WebView ta Android, kuma darasin karatu baya buƙatarta, gara ka barta a kashe. Sannan shi pointer-events yatsa da mawus kawai yake tarewa, wanda ya jona kibod zai iya tafiya da Tab ya danna Enter. Shi yasa nake cewa ko kayi na CSS kar ka cire dattijon zaure, su biyun tare suke aiki, CSS ya gyara fuska shi kuma ya riƙe ƙofa.

Saura dogon dannawa, idan baka son yaro ya danne rubutu ya kwafa ya kai wani wuri, ka saka setOnLongClickListener ya mayar da true, wannan baya taɓa jan shafi.

Gaskiya ɗaya kuma da ya kamata ka sani tun yanzu, kashe linki bazai hana yaro danna maɓallin gida ya buɗe Chrome da kansa ba. Idan gwaji na gaske zaku yi a ɗaki ɗaya, ka karanta akan startLockTask, tun Android 5.0 akwai shi, yana maƙale sikirin a manhaja ɗaya, duk da cewa a wayar mutum ta kansa yana iya cirewa, cikakken kullewa sai wayar da aka saita ta musamman a matsayin ta makaranta. Ni dai shawarata ka kashe linkin dan kar ya ja hankalin mai son karatu, wanda ya ƙudurta fita kuma wannan aikin mai sa ido ne.

TAMBAYA TA BIYU, daga wata Hajiya mai shagon atamfa da leshi, Gombe

Malam ina wuni. Ɗan yayata ne ya mayar min da shafin shagona manhaja, komai yayi kyau amma idan kwastoma ya danna hoton WhatsApp ko lambar waya sai farin shafi ya fito da rubutun turanci ERR_UNKNOWN_URL_SCHEME. Yace shi ya rufe linkin waje ne dan kar mutane su fita. Wallahi ina asarar ciniki, jiya wata har shago tazo tana min ƙorafi.

AMSA

Lafiya lau Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ki kwantar da hankalinki, gyaran bai kai awa ɗaya ba, kuma yaron bai yi ɓarna ba, rabin aikin yayi. Ki miƙa masa wannan amsar.

Ɗana, rubutun da ke fitowa yana nufin WebView ta karɓi adireshin da bata san yarensa ba. Ita http da https ta iya. Lambar waya kuwa da tel take farawa, imel da mailto, shi kuma linkin wa.me yana bi ta shafin WhatsApp ne daga nan ya miƙa ka ga adireshi mai farawa da whatsapp, wanda manhajar WhatsApp ce kaɗai ke amsa shi. Kai ka saka WebViewClient kana mayar da false, ma'ana kace mata ta buɗe komai a cikinta, ta gwada ta kasa.

Shago ba ajin jarabawa bane, a nan ba kashewa ake so ba, rarrabewa ake so. Cikin shouldOverrideUrlLoading ɗin ka duba adireshin. Idan na shafin Hajiya ne, false, ya buɗe a ciki. Idan tel ne ko mailto ko whatsapp, ka haɗa Intent, wato saƙon neman wata manhaja tayi aikin, ka miƙa wa waya sannan ka mayar da true. Wajen kira kayi amfani da ACTION_DIAL, lambar kawai zai ɗora wa mutum a wurin kira ya danna da kansa, baya buƙatar neman izini, saɓanin ACTION_CALL da sai an nemi izinin kira, kuma mutane suna tsorata da manhajar atamfa mai neman izinin kira, suna da gaskiya. Ka kuma tare kuskuren ActivityNotFoundException, saboda wayar da babu WhatsApp a ciki, in ba haka ba manhajar zata rufe a fuskar kwastoma.

Wajen gane "namu ne ko ba namu ba" ina roƙonka kar kayi amfani da contains. Idan shafinku example.com ne, ɗan damfara zai iya buɗe wani adireshin daban ya cusa example.com a farkonsa ko a wutsiyarsa, contains zai ce ai namu ne, shafin ƙarya ya buɗe a cikin manhajar Hajiya inda babu layin adireshi a sama da mutum zai duba, ya zuba lambar katinsa yana ganin shagon da ya yarda dashi ne. Ka ciro sunan gidan da getHost ka gwada shi daidai wa daida, ka tabbatar kuma https ne.

Idan kuna karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave ko makamantansu, ka sani biyan kuɗi yakan tsallaka daga shafinku zuwa nasu, wani lokacin har zuwa shafin banki dan tabbatar da kati, kafin ya dawo. Idan ka rufe komai sai naku, mutum zai tsaya a tsakiya bai san an cire ko ba a cire ba. Ka gwada da kuɗi kaɗan da katin banki biyu ko uku kafin ka saki afdet. Linkin waje na yau da kullum kuma, kamar Instagram ɗin shago, ka buɗe shi da Custom Tabs, wato tagar burauza da ke buɗewa a saman manhajarka, yana nuna adireshi a sama kuma da an rufe an dawo shago.

TAMBAYA TA UKU, daga wata Malamar Islamiyya a Bolari

Malam ni ban iya haɗa manhaja ba, uwa ce kawai. Akwai manhajar azkar da nake ba yarana a wayata, amma sai na dawo daga kicin na tarar suna YouTube, sunce wani rubutu suka taɓa. Akwai yadda zan kashe?

AMSA

Malama, Allah ya raya su. Daga wajenki babu maɓallin da zai kashe linkin dake cikin manhajar wani, wanda ya haɗa ta ne kaɗai zai iya. Amma akwai abun da zai taimaka sosai. Ki shiga Settings, wajen Security, ki nemi App pinning, wasu wayoyin Screen pinning suke rubutawa, idan baki gani ba ki rubuta pin a wurin bincike na Settings ɗin. Ki kunna, ki kunna har da zaɓin neman lambar sirri kafin a cire. Sai ki buɗe azkar ɗin, ki taɓa maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, ki taɓa tambarinta a sama ki zaɓi Pin. Ki fara gwadawa da kanki, ki danna rubutun da suka ce, ki ga ko ya fita, dan idan shafin a cikin manhajar yake buɗewa maƙalewar bazata hana ba. In haka ne kuma azkar ɗin na buɗewa ba data, ki kashe data da wayfay kafin ki miƙa musu, in ma tana matsa wa sai da data to ki canza wata. Idan wayar tasu ce ta kansu, Family Link na Google zai baki damar rufe YouTube da Chrome daga wayarki. Kuma ki daure ki rubuta wa masu manhajar a Play Store, akwai imel ɗinsu a ƙasan shafin, da yawansu matasa ne irin mai tambaya ta farko, basu san yara na fita ta nan ba.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wata ɗaliba a Yelwa, Bauchi

Yaya furojek ɗina da Flutter nake yi, na hana duk wani nabigeshan, a Android yayi amma a iPhone ɗin ƙawata fari fat yake nunawa.

AMSA

Ƙanwata, a iPhone WKWebView, wato WebView ɗin Apple, ce ke aiki, kuma mai gadinta ya fi na Android tsanani, har shafin farko da ke kika buɗe sai an tambaye shi. Kin ce a hana komai, ya hana har naki. A webview_flutter, cikin onNavigationRequest, ki duba adireshin, idan na shafinki ne ki mayar da NavigationDecision.navigate, sauran ki basu NavigationDecision.prevent. Masu rubutu da Swift kai tsaye su a decidePolicyFor suke duba navigationType, idan linkActivated ne su soke, sauran su bari. Wani abun kuma da iPhone ke yi, tana iya ganin jerin lambobi ta mayar dasu linkin kira da kanta, lambar rajistar ɗalibi ma sai ta koma shuɗiya, ki saka meta mai suna format-detection da telephone=no a kan shafin. Idan kuma kika ci karo da darasin da ke koyar da UIWebView, tsohuwar WebView ɗin Apple, ki wuce, tun Afrilun 2020 Apple ta daina karɓar sabbin manhajoji masu ita.

TAMBAYA TA BIYAR, daga wani a Jekadafari

Malam inaso na ɗauko wani shafin labarai na saka a WebView, na kashe linkinsu da tallansu na saka nawa tallan. Zai yi?

AMSA

Ɗan'uwa, ta fannin kod zai yi, amma bazan koya maka ba, kuma ina baka shawara tsakani da Allah ka bari. Mutanen nan albashi suke biyan masu rubutu da tallan da kake son cirewa, haƙƙinsu ne. Sannan dokar Play Store ta fito ƙarara ta hana manhajar da aikinta kawai nuna shafin wani a WebView ba da izinin mai shi ba, suna cirewa, idan aka maimaita kuma akawun ɗin da ka biya dala 25 ka buɗe yana iya tafiya. Tunda har ka iya wannan, zagaya cikin Jekadafari kawai, akwai makarantu da shaguna da asibitoci masu zaman kansu da ke da shafi ko suke son a yi musu, ka nemi izini a rubuce ka haɗa musu su biya ka. Idan ka samu na farko ka turo min sikirinshot na inda ka maƙale, zamu duba shi tare a wannan shafin in sha Allahu.